Makau da 'Yan Tsakin Iya Gambo

A ƙauyen Marken Tudu, can bayan kasuwa inda hanyar rafi ta ratsa, akwai wani gida mai dangar kara. Mutum biyu ne a cikinsa, mage ta ukunsu. Akwai Inna Yalwa mai ƙuli-ƙuli, akwai autanta Makau. Yayyensa duk sun yi aure sun watse, mahaifinsa kuwa ya daɗe da rasuwa.

Makau ba rago ba ne. In ya kama fartanya sai ka tausaya wa ciyawa. Ba ya ƙarya, ba ya faɗa, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Abu ɗaya ne ya hana mutane sakin jiki da shi: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba daɗi ba ragi. Tun yana yaro Inna ta taɓa aikensa rafi ta ce kada ya dawo sai tulu ya cika. Ashe tulun yana yoyo. Da la'asar aka je aka same shi tsugune yana ta zubawa.

To, wannan Makau ɗin ne ya kamu da son Sahura, jikar Iya Gambo. Iya Gambo ce ta rene ta tun tana goye, kuma duk ƙauyen ba wanda ya kai tsohuwar nan sanin kiwon kaji. Samari na zuwa wurin Sahura, wannan ya yi mata alkawarin birni, wancan ya yi mata na babur. Makau kuwa goruba kawai yake mata alkawari. Amma in ya ce gobe, to gobe goruba na hannunta. Sahura ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma wannan ya zauna mata a rai.

Wata rana Makau ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya je ya durƙusa gaban Iya Gambo.

"Iya, aure na zo nema."

"A'a, angona! Ashe dai ka yi tunani. To yaushe za a ɗaura mana?"

"Ba ke ba, Iya. Sahura. Ke ai kin tsufa."

Sahura tana tankaɗe a bayan turmi, ta toshe baki da gefen mayafi. Iya Gambo ta daɗe tana kallonsa, sannan ta nuna masa wata kaza mai wake-wake a gindin zogale.

"Ka ga waccan? Jiya ta ƙyanƙyashe, 'ya'yanta bakwai. Na ba ka ita kiwo. Ka san in an ba mutum kaza kiwo raba 'ya'yan ake yi, to ni ba rabo nake so ba. Ranar da uwar ta yaye su, ka dawo mini da su bakwai ɗinsu. In sun cika, ka turo kawunka a yi magana. In ko ɗaya ya yi ɓatan dabo, ko shirwa ce, ko mage, ko kare, ka nemi matarka a gaba. Wanda bai iya riƙe ɗan tsako ba, ba zan damƙa masa mutum ba. Kuma kada ka kulle mini su a akurki wuni guda, kajina da yawo suke girma."

Makau ya zuba su a kwando ya ɗauko a ka. Da yake lissafi kan rikice masa, kafin ya iso gida ya raɗa wa kowanne suna: Sarkin Ci, Mai Wuya, Gwanki, Dogari, Kunya, 'Yar Lele, sai ɗan ƙaraminsu Ɗan Mitsil.

Wata rana, washegarin zuwansu ke nan, Inna tana matsar ƙuli ta ce, "Auta, ɗan tsako ba a barinsa shi kaɗai. Duk inda suka sa ƙafa, kai ma ka sa taka." Makau ya ce to. Kaza ta hau juji, ya hau. Ta ratsa kwata, ya ratsa. Ta bi ta wata 'yar kafa a jikin danga, ya bi, danga ta kwanta. Can sai ta ja 'ya'yanta suka shige ƙarƙashin rumbu. Makau ya kwanta rub da ciki ya kutsa. Kai ya shiga, kafaɗu suka shiga, ƙugu ya ce sam. Kaza ta ɓulla ta ɗaya gefen ta ci gaba da tononta. Ihunsa ne ya tara maƙwabta. Suka kama ƙafafunsa za su jawo shi, ya rungume dutsen rumbu ya hau kururuwa.

"Kada ku ja ni baya! Ta gaba suka fita!"

"Kai Makau, ta gaba ba hanya!"

"To ku yi hanya. Inna ce ta ce."

Haka maza majiya ƙarfi suka wuni suna haƙa ƙasa da fartanya har Makau ya ɓullo ta inda kaza ta ɓulla, fari fat da ƙura, yana tambayar ina Ɗan Mitsil.

Wata rana shirwa ta fara shawagi a saman unguwa. Kowa ya san ta a Marken Tudu, wata tsohuwar shirwa ce mai gutsurarriyar wutsiya, ta ƙarar da 'yan tsakin gidaje da dama. Makau ya ruga wurin Iya Gambo yana haki. Iya ta ce, "Kwantar da hankalinka, angona. Kafin ka ga shirwa, inuwarta za ka fara gani a ƙasa. Da ka ga inuwar, maza ka kifa kwando." Makau ya koma gida ya ɗauki kwando ya tsaya. Ba a jima ba inuwa ta ratsa tsakar gida. Ya kifa, ya ɗaga, ba komai. Inuwa ta haura danga, ya haura. Ta bi ta gonar kuɓewar maƙwabta, ya bi ta kan kuɓewar. Ta miƙe ta nufi ƙofar Mai Unguwa, shi kuwa yana zaune a kan buzu yana sasanta wasu mutum biyu da suka yi rigimar iyakar gona. Inuwa ta sauka daidai kan rawaninsa. Kif!

"Kada kowa ya motsa! Tana ciki!"

Daga cikin kwando aka ji murya: "Wace ce a ciki, ja'iri?"

"Inuwar shirwa, ranka ya daɗe. Ka riƙe ta da kyau."

Masu rigimar gona suka yi ta dariya har suka dafa juna, suka tashi suka tafi ba tare da an raba musu iyakar ba. Inna Yalwa ta cika akushi da ƙuli-ƙuli ta je ban haƙuri. 'Yan tsaki kuwa tun ganin inuwar farko uwarsu ta buɗe fukafukai suka shige, ba abin da ya same su. Da labari ya kai wa Iya Gambo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta manta ba ta gyara masa maganar ba. Shi ya sa daga ranar Makau ya sa wa kwandon igiya ya rataya a baya, ko masallaci za shi sai dai ya ajiye a bakin ƙofa.

Wata rana Makau ya hangi magen Inna ta lafe a bayan turmi, wutsiyarta na kaɗawa, idonta ƙyam a kan Ɗan Mitsil. Ya ce zai kai ta bayan gari. Inna ta ce, "Ba inda za ka kai mini mage, ita ke mini maganin ɓeraye a gyaɗa. Yunwa ce ke sa mage kallon ɗan tsako. Ka ƙosar da ita ka gani in za ta ƙara kula su." Ta ɗauki tirenta ta tafi kasuwa. Makau ya ba mage ɗumamen safe. Ta cinye, ta lashe baki, ta kalli Ɗan Mitsil. Ya ce, "Ba ta ƙoshi ba." Ya ba ta nonon da Inna ta ajiye don fura. Ta shanye, ta waiga. Ya kwance ƙullin kifi banda. Ƙamshi ya jawo magen maƙwabta, ita ma ta kalli 'yan tsaki, ita ma aka ba ta. Wata ta diro ta kan danga, wata ta biyo ta. Makau ya sauko da ƙwaryar man shanu daga ragaya. Da Inna ta dawo ta tarar da maguna kwance birjik a tsakar gida kamar an shanya matasan kai.

"Auta, ina kifina?"

"Yana cikin waccan, Inna."

"Man shanun fa?"

"Rabi yana cikin tamu, rabi yana cikin baƙar can. Duba ki gani, ko ɗaya ba ta kallonsu."

Inna ta bi shi da muciya har zaure. Amma Makau bai fasa ba. Kullum rabin tuwonsa na mage ne, da ƙuli-ƙulin da Inna kan ba shi. Mage ta yi ɓul-ɓul, ɓeraye na wucewa ta gabanta ba ta ko ɗaga kunne. Aikinta ke nan ta dunƙule a rana tsakiyar 'yan tsaki, su hau bayanta su sauka.

Wata rana Duna, baƙin karen Baba Jatau maharbi, ya shigo ta inda danga ta kwanta ya tarwatsa 'yan tsaki. Saura ƙiris ya cafke 'Yar Lele, sai da ya tsige mata gashin wutsiya. Makau ya sami Baba Jatau kishingiɗe a zaurensa ya kai ƙara. Baba Jatau ya yi hamma ya ce, "Duna ba ya taɓa abin da ya ji warina a jikinsa. Ga kajina nan, ka taɓa jin ya kori ɗaya?"

"To Baba, ina ne warinka ya fi yawa?"

"Tashi ka ba ni wuri, mara kunya!"

Makau ya tashi. A bakin ƙofa ya ga rigar farautar Baba Jatau rataye, mai layu gaba da baya, wadda tun zamanin kakansa ruwa bai taɓa ta ba don kada maganin ya karye. Ya sunsuna, idonsa ya kawo ruwa. Ya leƙa ya ce, "Baba, na ari warin." Baba Jatau cikin gyangyaɗi ya ce, "To, to." Makau ya goge kowane ɗan tsako da rigar, ya goge uwarsu, sannan ya shimfiɗa musu ita a akurki. Ranar fita farauta Baba Jatau ya nemi riga sama da ƙasa, daga ƙarshe ya same ta a gidan Inna Yalwa, kowace laya da nata rabon kashin kaji. Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, ya jefar da rigar a nan ya ce ba zai sa ta a haka ba. Ya yi wa Duna fito su tafi. Duna ya kalli maigidansa, ya sunsuni 'yan tsaki, ya sake kallonsa, sai ya koma ya kwanta kusa da kaza. Can wari ɗaya ne, nan kuwa har takwas.

"Ka lalata mini kare, Makau!"

"Ai maganarka gaskiya ce, Baba. Ko ɗaya bai taɓa ba."

Daga ranar duk inda kaza ta nufa, 'ya'yanta na biye, Duna na biye da su, Makau na biye da Duna da kwando a baya. Mata kan bar daka su leƙo kallo.

Wata rana Iya Gambo ta aiko Sahura da ɓarzajjen gero a ƙwarya. Suka tsaya a bakin zaure, ita tana wasa da bakin ƙwaryar, shi yana kallon babban yatsan ƙafarsa. Ta ga ƙujewar rumbu a gwiwar hannunsa, ta ga ya rame saboda rabon tuwo da mage.

"Makau, in ɗaya ya ɓata fa?"

"Ba zai ɓata ba."

"Ka san Iya ba ta sauya magana. Kuma ɗan mai injin niƙa ya fara aiko ƙanwarsa gidanmu, shirwa kawai yake jira ta yi masa aiki." Ta kalli ƙwaryar da ke hannunta. "Ni kuwa ba na son ƙarar inji."

"Ni ma ba na so."

Ta miƙa masa ƙwaryar, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ka riƙe su kamar yadda za ka riƙe ni." Ta juya da sauri ta tafi.

Makau ya zauna ya yi tunani mai tsawo. Akwai sabon ɗakin da ya gina da hannunsa, ya yi masa daɓe, ya sa sabuwar tabarma da labule, yana jiran amarya. Ya share shi tas, ya kwashi kaza da 'ya'yanta da rigar Baba Jatau ya kai su ciki, shi ya koma zaure da kwana. In gari ya waye sai ya yi sallama a bakin ƙofa kafin ya ɗaga labule ya sake su kiwo. Ba ya shan ruwa sai sun sha. In ya samo goruba sai ya ajiye a gaban kaza, ta kalla ta wuce, ya ce, "Ba komai, in kin so kya ci." Da yamma ya zauna a dokin ƙofa ya ba ta labarin gona, ya tambaye ta ko a shuka wake bana ko gyaɗa.

Inna ta rafka salati. "Kaza a ɗakin amarya, Auta?"

"Sahura ce ta ce."

Magana ta kai bakin rijiya, mata suka yi ta shewa. Sahura ma ta yi dariya tare da su, amma a hanyar gida dariyar ta tsaya. Da ta sauke tulu ta ce, "Iya, wai har sallama yake yi musu." Iya Gambo ta bi ta da kallo har ta shige ɗaki.

Wata rana, lokacin 'yan tsaki sun yi fiffike, uwar ta fara kai musu sara in sun matso, alamar yaye ya kusa, sai tsohuwar shirwa ta haukace. Ta ɗauki na gidan liman, ta ɗauki na gidan Mai Unguwa, har na Iya Gambo ta sure biyu a gaban idonta. Iya ta aika aka kira Makau. Ko ba ta faɗa ba, ita ma zuwa yanzu ba ta son ya faɗi. Ta miƙa masa ƙullin jar galura ta ce, "Dabarar iyayenmu ce, in an rina ɗan tsako shirwa ba ta gane shi daga sama. Ka jiƙa wannan, duk abin da ke yawo a tsakar gidanku ka shafe shi. Kada ka bar ko ɗaya."

Makau ya jiƙa galura a babban kasko. Ya shafe Sarkin Ci, ya shafe Mai Wuya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har Ɗan Mitsil. Ya duba, kaza na yawo. Ya shafe ta. Duna na yawo. Ya shafe shi tun daga hanci har wutsiya. Mage ta miƙe da ƙyar za ta sauya wurin kwanciya, ya ce, "Kin yi yawo," ya tsoma ta gaba ɗaya. Ya dubi ƙafafunsa, ya ga shi ma yawon yake, ya shafe hannu da ƙafa da fuska. Daidai nan Inna ta fito daga madafa. Makau ya ɗago kasko ya nufo ta.

"Inna, tsaya kaɗan."

Inna Yalwa ta san ɗanta. Nan take ta zube a kan kujera 'yar tsuguno. "Ni a zaune nake, Auta! Ka ga ina yawo?"

"A'a. Amma in kin tashi ki gaya mini."

Haka Inna ta zauna, gyaɗa na ƙonewa a madafa, ita da tashi sai kallo.

Duna kuwa ya zaga gidan maigidansa shan ruwa. Matan Baba Jatau suka ga jan abu mai ƙafa huɗu ya shigo, suka watse suna kiran aljani. Baba Jatau ya gane karensa ta kunne, ya wuce kai tsaye gidan Iya Gambo ya ce tun da ita ta ba da galura, ta zo ta ga aikinta. Iya ta ɗauki sanda, Sahura ta yafa mayafi ta biyo su. Suka tsaya a bakin zaure. Tsakar gidan Inna Yalwa ja wur kamar an shanya barkono, sai Inna ita kaɗai a tsakiya tana share hawayen takaici.

Iya ta buɗe baki za ta yi magana, sai inuwa ta gitta.

Abin da Iya Gambo ba ta sani ba, tsohuwar shirwar nan ta ci rinannun 'yan tsaki a ƙauyuka da yawa, ta daɗe da gane dabarar. A wurinta jan abu a tsakar gida abinci ne aka yi wa ado. Ta leƙo daga sama ta ga jajaye ƙanana, ta ga kuma wani ja ƙato, dunƙule a rana, ko motsi ba ya yi. Tunda take ba ta taɓa ganin ɗan tsako mai ƙiba irin wannan ba. Ta naɗe fukafukai ta sako.

Kaza ta yi kuka, 'ya'yanta suka watse. Sahura ta rufe ido. Makau bai kalli sama ba, bai kalli 'yan tsaki ba. Inuwa ya sa wa ido, kwando a hannu. Ya ga yau inuwar ba ta gudu, sai ƙara matsowa take wuri ɗaya.

Shirwa ta dira a gadon bayan mage. Mage ta farka da wata irin ƙara, ta birkice ta rungume ta da ƙafafu huɗu. Duna ya yi kukan kura ya cafki abin da ya rage na wutsiyar. Shirwa ta fizge ta faɗi gefe, ta faɗo daidai kan inuwarta. Kif!

"Kada kowa ya motsa! Tana ciki!"

Wannan karon kwandon da kansa ya amsa, ya hau tsalle yana fuka.

Baba Jatau ya tsuguna ya leƙa ta saƙar kwandon, ya ɗago ya riƙe haɓa. "Shekara da shekaru ina bin shirwar nan da baka." Ya tafi ɗauko igiya. Kafin ya dawo Makau ya lura shirwa na yawo a cikin kwando, kwandon kuwa a tsakar gida yake. Ya ɗauko sauran galura, ya ɗaga gefe ya sheƙa mata. Shirwa ta sami kafa ta fice fit, ja wur, tana ɗiga. Ba ta kai kan kukar bayan gari ba hankaki suka yi mata caa, suka raka ta har ta ɓace. An ce an riƙa ganinta a wasu ƙauyuka, amma tun daga nesa kaji ke hango ta su ɓuya. Marken Tudu dai ba ta sake yi mata shawagi ba.

Iya Gambo ta dogara sanda ta ce, "To angona, kira mini su."

Makau ya tsuguna ya kira suna. Sarkin Ci ya fito daga bayan turmi, Mai Wuya da Gwanki daga ƙarƙashin rumbu, Dogari da Kunya daga madafa, 'Yar Lele daga cikin kaskon galura. Ya kira Ɗan Mitsil. Shiru. Ya sake kira. Shiru. Sahura ta damƙe gefen mayafinta. Makau ya miƙe, jar fuskarsa ta yamutse, ya kira da wata murya da ba a taɓa jin ya yi ba.

Inna Yalwa ta ce, "In an yarda in tashi, akwai abin da ke mini susa a ƙafa."

Ta ɗaga gefen zani. Ɗan Mitsil ya fito daga ƙarƙashin kujerar yana karkaɗe jiki. Ya ruga wurin uwarsa, ta kai masa sara ta yi gaba abinta. Ta yaye su.

Iya Gambo ta dube su bakwai, ta dubi jan kare da jar mage da jan saurayi. Ta ce, "Turo kawunka. Amma ka gaya masa ya shigo a zaune."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Aka fitar da kaza daga ɗakin amarya, aka sake daɓe, Baba Jatau ya karɓi rigarsa, karensa dai ya ƙi komawa. Washegarin kai amarya da hantsi, Sahura ta fito da hannu daga lulluɓi za ta miƙa wa Makau ƙwaryar kunu. Ya ga hannun ja har wuyan hannu, ya leƙa ƙafa ya ga ita ma lalle ya kama ta ja wur. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Ashe sun rina ki."

"Me ya faru?"

"Yanzu ba abin da zai ɗauke mini ke."

Sahura ta buɗe baki za ta gyara masa, sai ta fasa. Ta ajiye ƙwaryar, ta ɗora jan hannunta a kan nasa, wanda har lokacin galura ba ta gama fita daga faratansa ba.

Nan labarin Makau ya kife. Kwandon kuwa yana nan rataye a bakin ƙofarsu, kuma Mai Unguwa in zai wuce ta layin, sai ya fara duban sama.